Ƙannena, Ku Daina Kiran Yaƙin Da Ba Ku San Shi Ba

Wani bidiyo na ta yawo a Facebook: samari a wata unguwa cikin Kaduna, riƙe da gora da adduna, ƙugu cike da guraye, suna ihu wai ko soja ne ya zo, harsashi ba ya cin su. A ƙasa kuma ana ta zuba musu kirari. Abin ya ƙona min rai.

Ƙannena, kun taɓa jin Omdurman ta Sudan? Ranar 2 ga Satumba 1898, mayaƙan Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, kimanin 50,000, suka auka wa rundunar Kitchener, janar ɗin Ingila, mai kusan 25,000. Mayaƙan Halifa ba ragwaye ba ne. Amma Kitchener ya jera sahunsa a bakin Nilu, jiragen ruwa masu igwa a bayansa, fili fetal a gabansa. Kafin azahar an kashe Ansaru, wato mayaƙan Halifa, kusan 10,000. Nasa mamatan ba su kai 50 ba.

Sirrin shi ne bindiga mai ruwa, wato Maxim. Tana aman harsashi kusan 600 a minti ɗaya, ruwan da ke kewaye da bututunta yana hana ta zafi. Doki a sukwane yana buƙatar kamar minti guda kafin ya ci mita 500. To, ku yi lissafin da kanku.

Haka aka yi a Giginya, Sakkwato, ranar 15 ga Maris 1903. Baraden Sarkin Musulmi cikin lifidi suka tarar da sahun sojojin Turawa mai kusurwa huɗu yana ta ɓarin wuta. Mutanen Satiru, wani gari kusa da Sakkwato, ma sun ci galabar farko a kan Turawa a Fabrairun 1906, bayan 'yan makonni aka dawo aka shafe garin, aka kashe kusan 2,000. Kuna ta cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi? Ba a gaban bindiga mai ruwa ba. Yaƙi ɗan zamba ne, kuma faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa.

Waɗancan fa maza ne masu ilimi da horo da jagora. Kai da ka haɗiyi ƙwaya, ɗan siyasa ya ba ka dubu biyu alhali 'ya'yansa suna karatu a waje, da me za ka tari makaman yau? Ku masu zuga su daga ɗaki ta waya, ku ji tsoron Allah.

Da, dattijo ɗaya ya ɗaga murya a ƙofar gida, duk samarin layi sai su watse. Yanzu dattijon ne ke rufe ƙofa. Ga Arewa House nan cikin garinmu cike da takardun tarihin nan, amma wa ke leƙawa?