Manhajar zanen gida ta koya mana yin ƙarya a kan takarda

Rabin abin da masu zanen gidaje a kwamfuta muke kira ƙwarewa yanzu, dabarun lallaɓa manhaja ne kawai. Ka biya kuɗin lasisi, ka sayi kwamfuta mai ƙarfi saboda ita, sannan ka wuni kana yi mata wayo don ta yarda ta zana abin da birkila zai gina ba tare da ya tsaya tunani ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda muka saba. Wani ya gano hanyar zagaye wata matsala, sai mu yi ta yaba masa, mu koya wa yaran da ke ƙarƙashinmu, babu mai tambayar dalilin da ya sa matsalar take nan shekara da shekaru ba a gyara ba.

Ɗauki bango. Ka ja bango huɗu, a ido sun haɗu, amma manhajar da nake aiki da ita ta ce babu ɗaki a wurin. Ba za ta ba ka faɗin ƙasa ba, ba za ta sa silin ba, ba za ta karɓi sunan ɗakin ba. Sai ka yi ta zuƙo kowace kusurwa har ka tarar da wata kafa da ba ta kai milimita ɗaya ba. Ita ta san akwai kafar, tunda saboda ita ta ƙi aiki. To me zai hana ta sa jan alama a wurin? A'a, kai za ka nema. Idan kuma falo ne a buɗe, wanda ya zarce zuwa wurin zama ba tare da bango ba, dabarar da kowa ya sani ita ce ka gina bangon ƙarya, siriri, ka ɓoye shi, don dai ta yarda cewa ɗaki ya rufu.

A rufi ne abin yake kai mutum bango. Gida mai kusurwa huɗu, ka danna maɓalli, rufi ya fito tsaf, irin wanda ake nunawa a talla. Amma wa yake gina akwati? Da zarar gidan ya lanƙwasa, ko an ƙara baranda, ko wani sashe ya fi wani tsayi, sai ka ga fuskokin rufi suna ratsa juna, wani ya shigo cikin ɗakin kwana, kwarin da ruwa zai bi ya je ya tsaya a jikin bango. Sai ka zauna ka gyara da hannu, fuska bayan fuska, ka daidaita gangara, ka haɗa tsaiko. Mai gida ya dawo ya ce a matsar da bangon bayan gida da milimita 300, ka matsar, manhaja ta sake gina rufin daga farko ta share duk gyaran da ka yi. Maganin da aka sani shi ne ka kashe aikin sake ginawa da kanta. To daga wannan lokacin rufi da bango sun raba gari: bango ya motsa, rufi yana inda yake, kuma babu gargaɗi ko ɗaya. Ga bangon ƙaryan nan da ka ɓoye, idan ba ka tuna ka cire shi daga lissafi ba, yana iya shiga jadawalin kayan aiki, a ƙirga masa bulo da siminti. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Mafi muni a cikin dabarun nan ita ce rubuta awo da hannu. Kowa ya san ta, kowa yana yi, ba mai son faɗa. Bango ya ƙi tsayawa a 3600, manhaja ta kafe a 3587 saboda tana manna shi da wani layi da ba ka gani, lokaci ya ƙure, sai ka danna lambar ka rubuta 3600 a kanta. A takarda komai daidai. A cikin fayil ƙarya ce. Injiniyan da zai ɗora ginshiƙai a kan zanenka yana aunawa daga layi, magini yana karantawa daga lamba, kuma ba za su san sun saɓa ba sai an zuba harsashi. Me ya sa lambar da aka rubuta da hannu ba za ta fito da wani launi dabam ba tun daga farko, ba tare da mutum ya je ya tono wani saiti ba?

Matakala ma haka. Ƙa'idarta tsohuwa ce, tun ƙarni na 17 wani masanin gini Bafaranshe, François Blondel, ya tsara ta: ninki biyu na tsayin taki a haɗa da faɗinsa, jimla ta zo kusa da tsawon takun mutum. Idan tsakanin bene da bene milimita 3000 ne, taki 17 zai ba ka kusan 176.5 kowanne, da faɗin 280 jimla ta zama 633, lafiya lau. Lissafin da ɗalibi zai yi a bayan takarda. Amma ka canza kaurin daɓen bene, sai matakalar ta ƙi bi, takin ƙarshe ya fito gajere ko ya wuce saman bene. Taki ɗaya da ya bambanta da sauran shi ne yake kayar da mutum. Sai ka fasa matakalar ta koma layuka zalla ka zana da hannu, daga nan kuma ba matakala ba ce a wurin manhajar, ba za ta fito a hoton yankan gini ba.

Musayar fayil kuwa sai addu'a. Tsarin adana fayil na DWG ya zo da manhajar zane ta AutoCAD tun 1982, aka fito da DXF don manhajoji dabam-dabam su riƙa karanta zanen juna, daga baya ga IFC don musayar cikakken samfurin gini. Bayan duk waɗannan shekarun, tawa manhajar har yau tana shigo da zane ba tare da ta tabbatar da ma'auninsa ba. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka ƙofar milimita 900 idan aka karanta ta da inci sai ta kusa mita 23. Wannan ma da sauƙi, ido zai gani. Matsalar zanen safiyo, mai awon fili, ta fi wahalar ganewa. Lambobin wurin da yake bayarwa suna kai dubban ɗaruruwan mita daga tushen awo, idan aka mayar da su milimita sai su zarce adadin lambobin da katin hoto, wato sashen kwamfuta mai fito da zane a allo, yake iya riƙewa daidai, wanda bai wuce kamar bakwai ba. Sai layuka su riƙa rawa, da'ira ta karye, manne layi da layi ya ƙi kamawa. Dabarar ita ce ka kwashe zanen gaba ɗaya ka kawo shi kusa da sifiri, ka rubuta lambobin asali a gefe. Wa ya gaya maka? Ba manhajar ba dai.

Wajen bugawa, zanen 1:50 a takardar A1 yana komawa 1:100 daidai a A3, domin rabi ne cif. Amma akwatin daidaita zane da girman takarda yana nan a kunne ba ka sani ba, ya rage shi kaɗan, ma'aunin ya zama wanda babu shi a jikin kowace rula. Ka rubuta ɗakin kwana ko ƙofar baya, PDF ya fito da alamar tambaya a gurbin ɗ da ƙ, domin salon rubutun da manhajar ta zo da shi bai san da su ba.

Ka kai ƙara wurin masu ita, amsar guda ce: sabunta direban katin hoto, kashe ka kunna, goge ka sake sakawa, ko ka kwafe komai zuwa sabon fayil. Wannan ta ƙarshen amincewa ce cewa fayilolinsu suna ruɓewa da kansu. Sabon fito ya zo, ka buɗe jerin abin da aka ƙara: sababbin kujeru, bishiyoyi masu kaɗawa, hasken rana a jikin gilashi. Fayil ɗin da ka adana da shi kuma abokin aikinka mai tsohon fito ba zai iya buɗewa ba. Ni ban nemi bishiya ba. A nuna min inda bango bai haɗu ba, a tambaye ni kafin a share rufin da na gyara, a yi wa duk awon da aka rubuta da hannu alama, a tambayi ma'auni kafin a shigo da fayil, kuma intanet ya ɗauke kada a kulle ni waje da zanen da ke cikin kwamfutata saboda an kasa tantance lasisin da na riga na biya.