Makamin da ke zaɓen jirgin da zai harba

Wani labari da na karanta ya yabi LRASM, makami mai linzami na Amurka da ake harba wa jiragen ruwa, saboda yana cin ɗaruruwan kilomita, yana tafiya dab da ruwa don ɓuya daga na'urar rada, kuma ko an toshe masa GPS zai tantance jirgin da zai faɗa wa da kansa. Wallahi nan ne hankalina ya tashi. A yaƙin tsibiran Falklands na 1982 tsakanin Birtaniya da Ajantina, makamai masu linzami na Exocet da aka harba wa jiragen ruwan yaƙin Birtaniya sun faɗa kan Atlantic Conveyor, jirgin 'yan kasuwa da ke dakon kayan soja, mutum 12 suka rasu. Yau hanyoyin teku cike suke da jiragen dakon mai da ma'aikata farar hula. Idan kwamfuta ta zaɓi nasu jirgin, wa za a tuhuma?