Takalmina a Layin Awo

A unguwarmu ni ake tambaya sunan magani. Ban taɓa karanta likitanci ba, akawu ne ni a wata ma'aikatar tarayya a nan Kano, amma na iya furta "amoksisilin" ba tare da harshena ya harɗe ba, kuma a majalisarmu wannan kaɗai ya isa a kira mutum Dakta. Na daɗe ina rubuta wa mutane magani a bayan takardar tsire.

A daminar bara sai ciwon kai ya sa ni gaba, irin wanda yake kama ƙeya tun asuba, ya raka ka masallaci ya dawo da kai. Uwargida ta ce, "Malam, ka leƙa asibitin nan na bayanmu mana." Asibitin sha-ka-tafi take nufi, inda mata suke zuwa rigakafin yara. In ka yi alwala a gidana, ka isa can kafin hannunka ya bushe. Na ce mata wannan wurin na masu goyo ne, ni na san abin da yake damuna: maleriya da taifot. A ƙasar nan ai Hassan da Husaini ne, ba a ganin ɗaya ba ɗaya.

Mai kemis ya ce, "Dakta, yau kai ne da kanka?" Ya yi mini haɗi a 'yar farar leda, ja biyu, fari uku, da wani kafso mai ruwan ɗorawa, ya ɗora mini maganin maleriya mai ƙwaya 24, huɗu da safe huɗu da dare har kwana uku. Na shanye na maleriyar tas. Kai yana nan yana sarawa. 'Yan majalisa suka zauna a kan lamarin, suka yanke hukuncin ciwon shawara ne, aka kawo mini wani jiƙo a galan. Ba zan faɗi yadda na kwana ba, amma butar gidanmu ta san ta yi aiki.

Daga nan na ce sai babban asibiti. Mutum kamata, in zai ga likita, ai sai likitan gaske.

Ana sallame sallar asuba na tari adaidaita sahu, ina ta yaba wa kaina cewa ni zan buɗe musu ƙofa. Ko da na isa, na tarar da jama'a kamar ranar kasuwa, wasu da tabarminsu, alamar nan suka kwana. Abin da ya ɗaure mini kai, ba wanda yake tsaye a layi. Mutane suna zaune a inuwa, kayansu ne suke bin layi: takalma, duwatsu, robar ruwa, har da murfin kwano. Na ce lalle talaka akwai basira. Na hango wani layi da ya fi sauran gajarta, na cire takalmina na dama na ajiye a ƙarshensa, na koma benci na zauna da ƙafa ɗaya a waje, ina kallon sauran mutane da tausayi, sun bar gajeren layi sun bi dogo.

Da ina da hankali a ranar, da na lura cewa takalman layin nan duk ƙanana ne, wasu da duwatsu masu ƙyalli, wasu da fure.

Wajen ƙarfe takwas wata nas ta fito, ta fara bin layin tana kira. Mai takalmi ta taso, ta karɓi lamba, ta shige. Da ta zo kan nawa sai ta tsaya. Lamba 45 nake sawa. Ta ɗaga shi sama da yatsu biyu kamar ta tsinci mataccen ɓera, ta ce, "Mai wannan fa? Wata nawa ne cikin?"

Layin awo ne.

Na so in yi shiru in bar musu takalmin sadaka, amma ƙafata ta riga ta tona mini asiri. Na miƙe ina ɗingishi. Wata dattijuwa da ta rako surukarta ta dubi tumbina sama da ƙasa, ta ce, "Ai kuwa ya kai wata bakwai, ku duba shi." Wurin ya kaure da dariya, har da masu riƙe ƙugu. Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki.

Na koma dogon layin da na raina, yanzu ya ninka. Sai kusan sha biyu na isa gaban mai ba da kati. Ya tambaye ni ko ina da inshora. Nan na ɗan samu abin fansar mutuncina, na zaro katin da ofis suka yi mana tun ana kiran hukumar inshorar lafiya NHIS, kafin a mayar da ita NHIA a 2022. Katin bai taɓa ganin rana ba. Abin da na sani game da shi kawai, ya ɗauki ni da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma nawa biyar ne, don haka auta ba ta da izinin yin rashin lafiya.

Mutumin ya juya katin, ya ce, "Alhaji, ina takardar turowa?" Na ce wace takarda? Ya yi mini bayani cikin haƙuri irin na wanda ya faɗi magana ɗaya sau ɗari a yini. Mai inshora yana da asibitin da ya zaɓa tun farko, can zai fara zuwa. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su rubuto shi gaba, daga ƙaramin asibiti zuwa babba, daga babba zuwa na koyarwa. In ba gaggawa ba ce kuma na tsallako, to sai dai in biya daga aljihuna. Na ce to ina ne nawa asibitin? Ya duba ya karanto mini suna.

Na bayan gidana ne. Sai a lokacin na tuna ranar da aka raba fom a ofis, na kawo gida na ce uwargida ta cike, ni ina sauri zan tafi kallon ƙwallo.

Bayan azahar na shiga asibitin sha-ka-tafi ta ƙofar gefe, ina sunne kai. Mai kula da wurin ta ɗago, sai ga yarinyar da nake aike sayen kalanzir shekarun baya. Ta rusuna ta ce, "Kawu, sannu da zuwa, jiki ne?" Ta kama yatsana za ta tsira allura, na rufe ido ina salati. Wanzami ba ya son jarfa. Ta ɗiga jinin a wani ɗan farin abu, muka jira minti 15. Layi ɗaya ya fito. Ta ce in biyu ne akwai maleriya, ɗaya kuwa babu.

Na ce to taifot ce. Ba ta yi musu ba, ta naɗa mini abin awon jini a damtse. Ya nuna 170 bisa 100. Ta ce in huta, ta sake aunawa, bai sauka sosai ba. Ta ce daga 140 bisa 90 ake fara maganar hawan jini, amma awon yini ɗaya ba ya yanke hukunci, in riƙa zuwa da safe kwana uku a jere. Sannan ta ce in nuna mata abin da nake sha. Na kwance ragowar ledar mai kemis. Ta tsame jar ƙwayar nan ta ce, "Kawu, wannan na ciwon gaɓoɓi ne, kuma yana ƙara hawan jini. Wa ya ba ka?" Na ce wani ne dai a unguwa, bai san abin da yake yi ba.

Bayan kwana ukun aka ɗora ni a kan magani. Kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa na biya, bai kai abin da na ba mai adaidaita sahu a zuwa kaɗai ba. Aka hana ni gishiri da yawan dunƙule, aka ce kilishi sai dai mu gaisa daga nesa.

Uwargida ba ta ce mini uffan ba duk kwanakin nan. A daren na uku ta ajiye mini tuwo da miyar kuka salam, ba gishiri ba armashi, ta ce, "Dakta, bismilla." Ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo.

"Af, na manta. Ƙanwata ta ce a gaishe ka, wai ta ga takalminka a layinsu. Ta ce Allah ya sauke ka lafiya."