Idon da zai ga mai gudu daga waje

Na karanta wani labari game da jirage marasa matuƙa da za su riƙa raka masu gudu suna nuna musu yadda suke taka ƙasa, kuma ya taɓa ni, don na daɗe ina gudu kusan kullum da sassafe. Agogon hannu yana ba ni bugun zuciya da nisan da na ci, amma bai taɓa gaya mini cewa in na gaji kafaɗata ta dama tana zubewa, ƙafata kuma tana sauka can gaban jikina ba. Sai da ciwon gwiwa ya zaunar da ni wata biyu sannan na gane. Da akwai kyamara tana shawagi a gefena, da ta hango wannan tun da wuri.

Abin ba yau aka fara shi ba. Tun 2012 masu bincike a jami'ar RMIT da ke Ostiraliya suka gwada Joggobot, ɗan jirgi mai farfela huɗu da ke tashi gaban mai gudu yana bin alamar da ke jikin rigarsa.

Amma da sauran rina a kaba. Batirin yawancin ƙananan jiragen nan da wuya ya haura minti 40, gudun fanfalaki kuwa ya ɗara kilomita 42. Ga ƙarar farfela. Ni ina gudu ne don in ji numfashina, hankalina ya kwanta. Sannan hotunan masu wucewa da kyamarar za ta ɗauka ba da izininsu ba, a hannun wa za su tsaya?