Ɗa Ne Kai Ko Ɗan Ƙodago?

'Yan'uwana matasa, wani hali ya shigo mana, kuma shiru a kansa ya isa haka. An fara azumin kwana 21, kowace safiya sai ka ga an ɗora a Facebook: "Rana ta 6, da sauran ƙarfi." Wani ya lissafa awoyin da ya yi yana addu'a, wata ta ƙirga surorin da ta karanta. Zuwa rana ta 9 wanda ya fi kowa ɗoki ya karya azumin, sai ka neme shi ka rasa. Ba ya zuwa sujada, ya ƙaurace wa jibin Ubangiji, addu'ar safe ma ta gagare shi, wai kunyar Allah yake ji.

Ga yadda ciwon yake tafiya. Da farko mutum ya ajiye ma'auni a zuciyarsa, kwana nawa, awa nawa, baiko nawa. Ranar da lissafi ya cika sai ya ga ya fi ɗan'uwansa. Ranar da ya gaza kuma ya ɗauka Allah ya juya masa baya. Girman kai da fid da zuciya duk 'ya'yan wannan ma'aunin ne.

Ku buɗe Luka 18. Bafarisiyen nan na misalin Yesu, mai tsananin bin dokokin addini, bai yi ƙarya ba fa, yana azumi sau biyu a mako, yana ba da zakka daga duk abin da ya samu. Amma mai karɓar haraji, wanda ya kasa ko ɗaga kai sama, shi ne ya koma gida baratacce, wato karɓaɓɓe a gaban Allah. A Luka 15 ma duk hankalinmu yana kan ɗan da ya ɓata, mun manta babban wan da ya tsaya a waje yana ƙirga wa mahaifinsa shekarun da ya yi yana bauta. A gidan ubansa yake, amma da zuciyar ɗan ƙodago. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Shi ƙanen ma da shirin roƙon a ɗauke shi ma'aikaci ya dawo, uban bai bari ya kai ga wannan maganar ba, ya sa aka kawo riga da zobe da takalma.

Lokacin da murya daga sama ta kira Yesu ƙaunataccen Ɗa a Kogin Urdun, bai warkar da kowa ba tukuna, bai fara wa'azi a fili ba. Almajirai kuma da suka dawo suna murna aljanu sun yi musu biyayya, a Luka 10:20 ya mai da murnarsu kan sunayensu da aka rubuta a sama. Afisawa 2 ta jera abin daki-daki: aya 8 ceto bisa ga alheri ta wurin bangaskiya, aya 9 ba ta ayyuka ba don kada wani ya yi fahariya, sai aya 10 ta kawo kyawawan ayyuka. Mu kuwa mun ɗauko ta goma mun sa a gaba.

Kada malalaci ya yi murna. Ku masu fakewa da "alheri ne" kuna kwana a zunubi, kuna zuwa sujada bayan an gama wa'azi, Romawa 6, wadda ta hana mu ci gaba da zunubi da sunan alheri, tana jiranku. Haka masu gulmar tufafin 'yan ƙungiyar mawaƙa, gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Amma ƙirgen nan ya fi ba ni haushi. Matiyu 6 ta ce mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai, mai addu'a ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Ina rufe ƙofa ga wanda ya ajiye waya tana ɗaukar hotonsa a durƙushe? In ka faɗi, ka furta zunubinka a ranar, kamar yadda 1 Yohanna 1:9 ta koyar, kada ka jira sai ka tara mako guda na kirki kafin ka kira Allah Uba.

Dattawan da suka riga mu cikin bangaskiya, sai bayan rasuwarsu ake jin marayun da suka riƙe da daren da suka raya da addu'a, wani lokaci daga bakin waɗanda suka taimaka wa. Yau azumi bai kai azahar ba, duniya ta riga ta sani, har ana jiran a ga mutum nawa suka danna yabo.