Sunnar da ke tsayawa a kan lefe

Wani sabon salo ya shigo Gusau da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Saurayi zai zo neman aure yana wa'azi: lefe bidi'a ne, shi sadaki kawai zai bayar, ko rubu'in dinari ne ya wadatar. To, mun ji. Amma ranar jere fa? Yana nan yana leƙen gado, kujeru, firij da labule, duk daga aljihun uban yarinya. Gara ma ba ya cewa a bari. Buhun shinkafa da jarkar mai ba bidi'a ba ne, tunda gidansa za a kai!

Kuma malamar makaranta ko nas yake nema, mai albashi. Wata bai kai ashirin ba sai ka ji, “Hajiya, ɗan ranta mini na cefane.” Rancen da ba a biya. Ta dawo aiki da la'asar a Keke Napep da kuɗinta, ta ɗora tuwo, ta yi wa yara wanka, shi yana majalisa a Tudun Wada yana cewa matan yanzu ba su da biyayya.

Ciyarwa, tufatarwa da muhalli dai shari'a a wuyan miji ta ɗora su. Zamfara ce fa, malam, tun 2000 muke jin wannan karatun a rediyo.