Kafin mu sake kukan Andalus

Duk bayan ɗan lokaci sai hoton nan ya sake zagayowa a Facebook: ginshiƙai jere reras, kowane biyu an haɗe su da bakan gizo mai ratsin ja da fari, a ƙasa kuma an rubuta "Allah ya dawo mana da Andalus". Sai a yi ta zuba amin. Ba na ƙin addu'a. Amma labarin da muke ba juna game da masallacin Ƙurɗuba da ke Sifaniya, wanda shi ne a hoton, wato mu muka gina, Kiristoci suka ƙwace, rabi ne. Ɗaya rabin yana jikin ginin, kuma ba kowa zai so jinsa ba.

Wanda ya aza tubalinsa ɗan gudun hijira ne. Abdurrahman Addakhil ya tsira da kyar lokacin da Abbasiyawa suka kifar da daular Banu Umayya a shekarar 750, suka bi danginsa da kisa. Musulmi ne suka koro shi, a lura. Ya ratsa Arewacin Afirka, ya tsallaka Sifaniya, ya zama sarkin Ƙurɗuba a 756. Sai wajen 785 ya fara ginin masallacin, saura 'yan shekaru ya rasu.

Maginansa ba su tsaya sassaƙa sababbin ginshiƙai ba. Sun kwaso na tsofaffin gine-ginen Rumawa da na Bisigot, Kiristocin da suka mulki ƙasar kafin zuwan Musulmi. Matsalar ita ce ginshiƙan gajeru ne, in aka ɗora rufi a kansu masallacin zai zama kurkuku mai duhu. Sai suka ɗora wani dogari na dutse a kan kowane ginshiƙi, suka yi baka hawa biyu: na ƙasa mai siffar takalmin doki yana riƙe ginshiƙan kada su buɗe, na sama yana ɗauke da rufi. Ratsin ja da farin da ke ɗauke mana hankali jan bulo ne da farin dutse ake jerawa bi da bi. Wannan dabara, wadda ƙarancin kayan aiki ya haifa, ita ce har gobe masu zanen gini ke zuwa kallo. Shi kansa bakan takalmin dokin Bisigot suna yin irinsa tun kafin Larabawa su iso, Musulmi suka ɗauka suka gyara shi har ya zama tambarinsu daga Fas zuwa Marrakish.

Wurin da ya fi ko'ina kyau shi ne mihirabin da Halifa Alhakam na Biyu ya gina bayan hawansa mulki a 961. Ayoyin da ke kewaye da shi an rubuta su ne da 'yan ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinare. Wa ya iya wannan aiki a lokacin? Rumawan Ƙusɗanɗiniya. Halifa ya aika wa sarkinsu, Kirista, ya nemi gwani, aka turo masa gwanin da kayan aiki. A yau da wani gwamna zai yi haka, na san irin hudubar da za mu sha ranar Juma'a.

Wani abin kuma da malamanmu za su so: alƙiblar masallacin ta karkata kudu sosai, ba ta saiti da Makka yadda lissafin zamani ya nuna. Da aka zo faɗaɗawa an bar ta yadda magabata suka kafa ta. Almansur, wazirin da ke riƙe da ragamar mulki a lokacin, shi ne ya yi ƙari na ƙarshe wajen 987, kuma da yake kogin Wadil Kabir ya tare kudu, sai ya faɗaɗa ta gabas, shi ya sa mihirabin ba ya tsakiya.

To ga inda maganar take da ɗaci. Kilomita kaɗan daga Ƙurɗuba akwai Madinatuz Zahra, birnin fada da Halifa Abdurrahman na Uku ya ƙera, wanda jakadun ƙasashe ke shiga jikinsu na rawa. Bai cika shekara tamanin ba aka wawushe shi aka cinna masa wuta, a fitinar da ta ɓarke tsakanin Musulmi da Musulmi wajen 1010. A 1031 halifancin ya ruguje, ƙasar ta dare gida-gida, kowane ƙaramin sarki yana biyan Kiristocin arewa haraji don su taya shi yaƙar maƙwabcinsa. Sai da aka ƙara shekara ɗari biyu kafin sarkin Kirista Ferdinand na Uku ya ci Ƙurɗuba a 1236. Idan bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Masallacin kuwa yana tsaye, da ginshiƙai sama da 850, saboda waɗanda suka ci garin sun mai da shi majami'a suka ci gaba da gyara shi, har da maginan Musulmin da suka rage a garin. A Ishbiliya, wani birnin Andalus ɗin, rushe babban masallacin aka yi, hasumiya da haraba kawai suka tsira. A Ƙurɗuba, da shugabannin coci suka tashi huda tsakiyar ginin a 1523 don su kafa babbar majami'a, majalisar garin, Kiristoci zalla, ita ta tsaya kai da fata ta ce ba ta yarda ba. Sarki Charles na Biyar ya goyi bayan coci. Ana ruwaito cewa da ya ga aikin daga baya ya yi da-na-sani, ya ce sun ɓata abin da babu irinsa a duniya don su gina abin da ake samu ko'ina.

Kada wani ya ce ina wanke masu laifi. Korar Musulmi daga Sifaniya da tilasta musu barin addini zalunci ne tsagwaronsa. Hasumiyar da aka yi kiran salla a kanta yanzu tana lulluɓe a cikin hasumiyar ƙararrawa. Musulmi zai sayi tikiti ya shiga, amma in ya ta da kabbara masu gadi za su tsai da shi. A 2006 cocin ta yi wa ginin rajista da sunanta a kan Yuro 30 kacal, kuma cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan haka akwai 'yan Sifaniya da ba Musulmi ba, masu cewa ginin na jama'a ne. In za a yi ƙorafi, wannan ne ƙorafin da ke da rai a yau, kuma ban taɓa ganin masu yaɗa hoton sun ambace shi ba.

Dangantakarmu da garin ma ba ta hoto ba ce. Alfazazi, mai Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukan Kano da Zinder, haifaffen Ƙurɗuba ne. Imamu Ƙurɗubi da ake jan tafsirinsa a azumi ɗan garin ne, ya bar shi ya koma Masar, can ya rasu a 1273. Mai son Andalus da gaske ya fara da karanta tarihin shekaru ashirin ɗin da ke tsakanin 1010 da 1031, ya ga su wa suka yi wa Madinatuz Zahra abin da aka yi mata, sannan mu dawo nan mu tattauna.